Tef ɗin Cikin Rim: Yadda Ake Zaɓensa da Ɗaura Shi a Wilin Keke

Akwai facin da ƙaya ba ta da hannu a cikinsa. A liƙe tif da yamma, a buga iska, a jingine keke a zaure, gari na wayewa a tarar taya ta kwanta. A sake cirewa, a shafa cikin tayar da yatsa, babu ƙusa babu kwalba. Idan haka ta maimaitu, sau da yawa laifin yana ƙarƙashin tif ɗin ne, wato a jikin siririn tef ɗin da ya zagaye cikin rim, wanda aikinsa shi ne ya raba tif da kawunan sifok da ramukansu. Ba a ganinsa sai an cire taya, shi ya sa ake mantawa da shi, alhali duk iskar da ke cikin tif a kansa take zaune.

Fara da karanta tif ɗin

Kafin ka sayi komai, bari tsohon tif ya gaya maka abin da ya faru. Ka cire shi, ka ɗan buga masa iska, ka nemo hudar, sannan ka duba ɓangaren da take. In tana ta bayan tif, wajen da ke kallon ƙasa, to aikin tsidau ne ko ƙayar aduwa ko guntun waya. In tsaga biyu ce gajeru a jere kusa da juna, iska ce ta yi kaɗan aka buga rami ko dutse, bakin rim ya datse tif. Amma in huda ɗaya ce ta ciki, ɓangaren da ke kwanciya a kan rim, to tef ne ko kan sifok.

Daga nan ka auna tazarar hudar daga bawul, ka ɗora tif a jikin rim, bawul daidai raminsa, ka duba wurin da hudar ta faɗa. Ka duba hagu da dama duka, tunda wataƙila tif ɗin ya juya a hannunka. Yawanci za ka tarar tef ya goce ya bar gefen rami a buɗe, ko ya tsage, ko kan sifok ya leƙo. Wata alamar da ba ta ƙarya ita ce ƙananan ƙulli a jere a cikin tif, tazararsu ɗaya, kamar an danna shi da kan yatsa. Ma'anarta tef yana lotsawa cikin ramukan sifok, tif yana binsa. Ko bai fashe yau ba, yana kan hanya.

Rim iri biyu ne, kuma nan ake yin babban kuskure

Rim mai falle ɗaya shi ne na kekunan da aka saba da su irin su Raleigh da Phoenix da Hero masu birkin sanda, da yawancin kekunan yara da masu araha. In ka cire taya za ka ga kawunan notocin sifok a fili, a jere cikin kwarin rim. A nan aikin tef mai sauƙi ne: ya rufe waɗannan kawunan kada su goge tif. Ƙarƙashinsa ƙarfe ne, ba rami ba, don haka roba mai laushi ma ta isa.

Rim mai falle biyu kuwa kamar akwati yake. Notocin suna can ciki a falle na ƙasa, sannan a fallen sama, wanda tif ke kwanciya a kai, an huda ramuka masu faɗin kusan milimita 8 domin a iya zura noti. Irinsa ne a kan kusan duk kekunan tsere da na hawan dutse masu inganci, har da da yawa daga cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. A nan tef gada ce a kan rami. Ka lissafa: ramin milimita 8 faɗin fuskarsa kusan rabin santimita murabba'i ne, in an buga iska har ma'aunin ƙarfinta ya nuna bar 6, wato kusan psi 87, nauyin da ke danna tef a kan kowane rami ya kai kilo 3. Ramukan kuma yawanci 32 ne ko 36, dare da rana, ga zafin kwalta.

Kuskuren shi ne a ɗauko dabarar Phoenix a kai wa irin wannan rim. A yanko tsohon tif a zagaya, a mayar da taya, a buga iska. Roba ba ta iya tsayawa a kan rami, miƙewa take yi ta shige, tif ya bi ta, kaifin bakin ramin ya yanka su duka biyun. Wani lokacin ma keke yana ajiye za a ji ƙara kamar an fasa leda. Duk rim mai falle biyu tef marar miƙewa yake so, ko da kuwa tayar ba ta ɗaukar iska da yawa.

Nau'o'in tef

Na roba baƙi mai zagaye kamar zobe na rim mai falle ɗaya ne kaɗai. Yana bushewa ya tsattsage da shekaru, musamman keken da ke wuni a rana.

Na yadi mai gam a bayansa, wanda sanannen cikinsu shi ne Velox na Faransa, auduga ce mai kauri da ba ta miƙewa kuma zafi ba ya narka ta. Ana samunsa da faɗin milimita 10, 13, 16, 19 da 22, kowane nadi mita 2, daidai wili ɗaya. Ga keke mai tif da birkin da ke kama rim, har yanzu da wuya a samu abin da ya fi shi. Aibunsa biyu: kaurinsa yana cike kwarin rim ya sa taya mai matsi ta yi wuyar shiga, sannan yana riƙe ruwa, abin da rim ɗin ƙarfe ba ya so.

Na leda mai tauri, shi ma zobe ne amma da ƙyar yake miƙewa, kamar waɗanda Schwalbe da Continental suke yi don iska mai ƙarfi. Ba shi da gam, matsinsa ne ke riƙe shi, don haka dole girmansa ya zo daidai da wilin. Akwai na bogi masu kama da shi, siriri mai ƙyalli, wanda wata biyu a rana ya isa ya lotsa ko ya tsage daidai kan ramuka. In ka ja shi da hannu biyu ya miƙe kamar cingam, bar shi a shago.

Na huɗu shi ne tef ɗin tubles, siriri mai gam, kamar na Stan's mai ruwan ɗorawa ko na DT Swiss. An yi shi don ya tare iska a wilin da ba tif, amma yana aiki sosai a ƙarƙashin tif ma, kuma shi ne maganin tayar da ta ƙi shiga saboda kaurin tef ɗin yadi.

Salatif ɗin wuta baƙi da ake naɗawa a wayar lantarki ba tef ɗin rim ba ne. Yana miƙewa, kuma da rim ya ɗau zafi gam ɗinsa ya narke ya zame gefe, ya bar ramuka a buɗe da danƙo a ko'ina. In ta kama dole a hanya, salatif ɗin ɗaure kwali mai zare a jikinsa, zagaye biyu, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Awo: girman wili da faɗin ciki

Kada ka dogara da lissafin inci, domin yana ruɗarwa. Inci 28 na keken Phoenix daban yake da inci 28 na keken Turai. Ka nemi lambar da ke jikin taya mai kama da 37-622 ko 40-635. Lamba ta biyu ita ce faɗin da'irar rim a milimita daidai inda bakin taya ke zama. 635 na manyan kekuna masu birkin sanda ne, wato 28 x 1½. 622 na kekunan tsere ne da na 700C da na inci 29. 584 shi ne inci 27.5, 559 shi ne inci 26 na hawan dutse, 590 kuma shi ne 26 x 1⅜ na kekunan cikin gari. 406 shi ne inci 20. Zoben roba yana yafe ɗan bambanci saboda yana miƙewa, amma zoben leda mai tauri na 622 ba zai hau 635 ba, na 635 kuma zai yi sako-sako a 622 ya riƙa yawo. Tef mai gam bai damu da wannan ba, yanka shi ake yi.

Faɗi shi ne inda aka fi yin ganganci. Ka sa rula tsakanin leɓɓan rim biyu ta ciki. Wasu rim an rubuta a jikinsu, misali 622x19, wato faɗin ciki milimita 19. Zoben leda ya kamata ya shimfiɗu daga wannan bango zuwa wancan don kada ya samu wurin zamewa, kuma da yake cikin rim kwari ne ba shimfiɗaɗɗe ba, sai ka ƙara kamar milimita 3: rim mai 15 ya samu tef mai 18, mai 17 ya samu 20, mai 19 ya samu 22. Na yadi, tunda gam ke riƙe shi, ya isa ya rufe ramuka da rarar milimita 2 ko 3 ta kowane gefe. Ka lura cewa a rim da yawa ramukan ba a layi ɗaya suke ba, ɗaya ya karkata hagu na gaba ya karkata dama. Tef ɗin da ya rufe rami ɗaya sarai zai iya barin gefen na kusa da shi a waje, don haka ka gwada a kan ramuka huɗu a jere kafin ka yanke hukunci.

In tef ya cika faɗi har ya hau bangon rim, bakin taya zai zauna a kansa ba a mazauninsa ba. Sakamakon shi ne taya ta riƙa tsalle a wuri ɗaya in wili na juyawa, ko ma ta fice in an cika iska. A rim mai falle ɗaya mai zurfin kwari, tef ya tsaya cikin kwarin kawai.

Gyaran rim kafin ɗaurawa

Cire tsohon tef gaba ɗaya. Kada a ɗora sabo a kan tsoho. Goge ragowar gam da tsumma da sifirit irin na kyamis, ka bari ya bushe. Kananzir yana cire gam amma yana barin maiƙo, sabon tef kuma ba zai kama ba, don haka in ka yi amfani da shi sai ka bi da sifirit.

Bi kowane rami da yatsa. In akwai kaifi a bakinsa ka shafe da samfefa mai laushi, haka ma ramin bawul da wurin da aka haɗa bakin rim biyu. A rim mai falle ɗaya ka duba kowane noti: in tsinin sifok ya zarce kan notin, ka goge shi da magagari har ya yi daidai. Wannan yana yawan faruwa bayan an canja sifok da wanda ya fi tsawo, ko bayan an ɗaure wili an miƙe shi. Babu tef ɗin da zai daɗe a kan tsinin ƙarfe.

Rim ɗin ƙarfe da ya sha damina sau da yawa za ka tarar da tsatsa a cikinsa, domin ruwa yana bin sifok ya shige ya kwanta ƙarƙashin roba. Ka kankare da burushin waya, ka share garin, ka shafa fenti siriri, ya bushe sarai kafin tef ya hau. In tsatsar ta ci har ƙarfen ya yi laushi a gefen notoci, ba maganar tef ba ce kuma, rim ne za a canja.

Ɗaura zoben roba ko na leda

Ka daidaita ramin bawul na tef da na rim, ka zura sukundireba ko tsohon bawul ta ciki don ya riƙe su tare. Sannan ka ja tef ɗin da hannu biyu, dama da hagu lokaci ɗaya, kana gangarowa har ya faɗa ta ɗaya ƙarshen. Na leda yana faɗawa da ƙarfi, ka janye yatsunka. In ya ƙi, ajiye shi a rana minti kaɗan ya ɗan saki. Bayan ya hau, ka zura siririn sukundireba a ƙarƙashinsa a gicciye, ka zagaya da shi wili sau ɗaya ko biyu. Wannan yana raba matsin daidai, ya warware murɗiya, ya kuma ba ka damar tura tef ɗin tsakiya.

Ga rim mai falle ɗaya, tsohon tif yana yin tef mai kyau in an yanka shi yadda ya dace. Ka nemi tif ɗin wilin da bai kai naka girma ba, misali na inci 24 don wilin inci 26. Ka yanko zobe cikakke da almakashi ta ɓangaren ciki, ba tare da ka datse shi ba, faɗinsa daidai kwarin rim. Ka cire bawul ɗin, ramin da ya bari shi ne ramin bawul ɗinka, kuma robar wurin ta fi kauri. Zoben da ba shi da mahaɗi ya fi wanda aka ɗaure da ƙulli ko aka liƙa da sholisho, don ƙullin kansa yana cin tif.

Ɗaura na yadi

Nadin yana zuwa da ramin bawul kusa da farkonsa. Ka ɗora ramin a kan na rim, ka riƙe da sukundireba, ka riƙa ja da ɗan ƙarfi kana danna tsakiya da babban yatsa. In ka zagayo, ka yanka yadda ƙarshen zai hau kan farkon da santimita 1 ko 2, ba tare da ya rufe ramin bawul ba, kuma kada mahaɗin ya faɗa daidai kan ramin sifok. In bawul ɗinka mai kauri ne irin na mota ko irin na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki, raminsa a rim milimita 8.5 ne, na siririn bawul ɗin kekunan tsere kuwa 6.5. Ka faɗaɗa ramin tef ɗin daidai da haka, kada ka cusa bawul da ƙarfi ya tattaro yadin ya yi ƙulli a gindinsa.

Ɗaura na tubles

Nan ne aikin ke son natsuwa, domin tef ɗin ne kaɗai ke tare iska. Da farko, rim da taya duka su kasance waɗanda aka yi don tubles, za ka ga an rubuta TLR ko TR ko makamancin haka. Tef ba ya mayar da rim na gama-gari ya zama na tubles, kuma tayar da ta fice daga rim ana cikin gudu ba ƙaramin haɗari ba ce. Akwai kuma rim da ba su da ramuka sam a fallen sama, kamar tsarin UST da Mavic ya fito da shi a 1999. Waɗannan ba sa buƙatar tef ko kaɗan.

Faɗin tef ya zarce faɗin cikin rim da milimita 2 zuwa 5, gwargwadon zurfin kwarin. Rim mai 25 yana son 27 zuwa 30. Manufa ita ce bayan tef ya bi kwarin ya kwanta, gefensa ya taɓo gindin bango ta kowane ɓangare ba tare da ya hau ba, yadda bakin taya zai danne shi. In ya gaza, duk lokacin da aka cire taya bakinta zai kamo gefen tef ya ɗaga shi.

Rim ya zama fes kuma busasshe. Ka fara kamar santimita 10 kafin ramin bawul, ka danne farkon da yatsa sosai. Ka riƙe wilin tsakanin gwiwoyinka, ka warware kamar kamu ɗaya, ka ja da ƙarfi har ka ji tef ɗin ya ɗan miƙe, sannan ka kwantar da shi. Jan ne ke sa shi bin siffar kwarin. In ba ka ja ba zai tsaya a sama kamar fatar ganga, iska ta maƙale a ƙarƙashi. Tsakiya ake fara dannewa, sannan gefe. Ka zagayo ka wuce ramin bawul da wani santimita 10, ka yanka da almakashi, ka bi duka da tsumma kana murzawa. Taya mai faɗi da ba ta wuce psi 45 zagaye ɗaya ya ishe ta. Ta tsere ko duk wadda ta haura haka a yi mata biyu. Wilin 622 yana cin kusan mita 2 a kowane zagaye, don haka nadi mai mita 9 ko 10 zai yi wili biyu zagaye bibbiyu.

Ramin bawul ƙarami ake hudawa. Ka ɗumama bakin basilla ko ƙusa, ka huda daga sama daidai tsakiyar ramin, sannan ka tura bawul ɗin ya faɗaɗa wa kansa hanya. Kada ka tsaga da reza, tsagar tana ci gaba da tafiya ƙarƙashin robar bawul ta zama hanyar iska. Notin bawul da yatsu ake ɗaure shi, kana danna gindin bawul ɗin ta ciki da babban yatsa.

Dabarar da ke rage wahala ita ce, kafin a sa bawul ɗin tubles, a sa taya da tif na yau da kullum a buga iska a bar shi ya kwana. Tif ɗin zai danne tef ɗin ko'ina fiye da yadda yatsa zai iya. Washegari a cire tif, a sa bawul, a zuba ruwan toshe huda, kamar mililita 30 zuwa 60 a tayar tsere, 90 zuwa 120 a ta inci 29. A ƙasa mai zafi da bushewa ruwan nan yana saurin daskarewa, ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu.

In bayan an gama ka ji iska tana fita ta gindin bawul, kada ka yi saurin ɗauko filaya. Sau da yawa ba bawul ɗin ba ne. Iskar ta samu hanya ne ta wani wuri da tef ya ɗaga ko ya huje, ta shiga cikin akwatin rim, ta zagayo ta fito ta rami mafi girma, wato na bawul. Ka shafa ruwan sabulu a gindin sifok: in suna kumfa, tef ne. Ƙara matse noti ba abin da zai yi sai lalata robar bawul. A cire tef ɗin duka, a wanke, a bushe, a sake sabo, domin faci a kan tef ɗin da ruwan toshiya ya jiƙa ba ya kamawa.

Lokacin mayar da taya da lokacin canji

Tef da yawa a wurin sa taya ake kashe su. Bakin ƙarfen cire taya ko sukundireba ya kamo gefen tef ya ture shi, ba wanda ya gani, sai bayan kwana biyu faci ya dawo. Ka tura bakin taya cikin kwarin tsakiya ko'ina don ya saki, ka ƙarasa ta wajen bawul da hannu. Kafin ka rufe ɓangare na biyu, ka leƙa zagaye ɗaya ka tabbata babu ramin da ya leƙo. Buga iska kaɗan, juya wilin, ka duba siririn layin da ke jikin taya kusa da bakin rim: tazararsa ta zama ɗaya ko'ina. Inda ya nutse, ko dai bakin taya bai hau ba ko tef ya shiga ƙarƙashinsa.

Duk lokacin da aka cire taya a duba tef. Ɗan lotsawa kaɗan a kan ramuka ba komai ba ne, amma in lotsawar ta yi zurfin da kan ashana zai zauna a ciki, ko launin ledar ya yi fari a wurin, ko roba ta fara tsagewa in an ja ta, ko yadi ya yi baƙi ya saki gam, a canja. Wanda ya canja sifok a rim mai falle biyu ta hanyar ɗaga tef mai gam, shi ma sabo zai sa. Keken ɗaukar kaya da mai sauka gangara da birkin da ke kama rim sun fi saurin cin tef, saboda zafin birki kai tsaye yake shiga rim ɗin, kuma wilin baya ne ya kamata a fara dubawa.